Jirgin da Ya Dawo da Kaka

Laraba da dare, Makoda.

Har yanzu raina a ɓace yake. Da safe na je Bici wajen Malam Sule, tsohon makanikin sojan sama, na nuna masa hoton marigayi Kaka na lokacin yaƙin basasa, wanda yake dogare da sanda a gindin jirgi. Tun tasowata a gidanmu ake cewa jirgin jefa bama-bamai ne.

Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Ɗana, wannan ai na dakon kaya ne. Dubi faɗin ƙofarsa, kuma ba bindiga ko ɗaya. Abinci yake kaiwa, ya kwaso waɗanda suka ji rauni."

Da murnata na gaya wa Baffa Habu, don na gane jirgin da ya dawo da Kaka ne. Sai ya yamutsa fuska, wai abin kunya ne a ga mahaifinsa da jirgin garin kwaki. Kafin la'asar ya kai hoton shagon kwamfuta, an goge jirgin, an liƙa wani mai tsinin baki, na zamanin nan. Wai sabon hoton zai rataya a zaure.

Tuwo ma na kasa ci. Da ƙafa ɗaya Kaka ya baro fagen fama. Jirgin da ya kwaso shi da ransa, shi ɗan cikinsa ya sa aka goge.