Akwatinka na Dajin Epping

Zuwa ga maigidana, Baban Safiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya kai haske makwancinka. Ina rubuto maka ne a kan akwatinka, domin na yi ɓarna.

Ka tuna yadda nake maka tsiya duk Asabar? Mutum da furfurarsa, ya bar unguwarmu Deptford da sassafe ya tafi dajin Epping, waya a hannu, yana leƙa kogon bishiya. Wai geocaching. Wani ya ɓoye ɗan akwatin roba, kai ka bi taswira ka gano, ka sa hannu a littafin ciki, ka mayar. Har ka ɓoye naka a gindin wani kututture. Kakan ce, "Kin ga, ni ma na yi gida a ƙasar nan."

Sau biyu kawai na raka ka, ina mitar taɓo.

Da na fita takaba, flat ɗin ya yi mini girma. Safiya tana Leeds, sai waya. Na sa takalmanka da safa biyu, na je dajin. Ai ba a zuwa gidan mutum hannu rabbana, sai na cika akwatin da dabino, sadaka, duk wanda ya ci ladan ya kai gare ka. Ina na san ba a sa abinci? Dila ya shinshino, ya fasa murfin, ruwa ya gama sauran.

Saƙo ya shigo wayarka daga masu kula da wasan: in mai akwati bai gyara ba, za a cire shi daga taswira. Wallahi na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Asabar ɗin nan na koma da sabon akwati. Na yi ta bulayi tsakanin bishiyoyi, don kututturen duk ganye ya rufe shi. Masu yawo da karnuka suna wucewa bibbiyu, ni kaɗai nake tona ƙasa. Na samu littafin ya zama kunu. Shafin farko, inda ka yi wa baƙi maraba da hannunka, babu ko harafi.

Na zauna na sake rubutawa a sabon littafi yadda na tuna, na sa sunanka. Sannan na amsa da wayarka cewa an gyara.

Jiya wata baturiya ta gano shi ita da jikokinta. Ta rubuto tana maka godiya, wai wurin da kyau, tana fatan wata rana ku haɗu a hanya.

Baban Safiya, ban gaya musu ka rasu ba, kuma ba na jin zan iya. Kowa yanzu marigayi yake ce maka. Can ne kaɗai ya rage ake maka magana kamar kana nan, kuma ina so in riƙa ji.

Ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya haɗa mu da alheri.

Matarka,
Maman Safiya