Babur ɗinka ya daina ƙara

Malam,

Assalamu alaikum. Ina wuni, ya makwanci? Na san babu ɗan aiken da zai kai maka takardar nan, amma tsoro ya cika mini ciki, kuma ban saba kai kukana wurin kowa ba sai kai.

Gida lafiya. Akuyar nan mai ɓarna ta haifi biyu. Gonarmu ta hanyar Bakura kuwa katafila ta bi ta kanta, wai nan za a ja ruwan dam, ko kukar da kake hutawa a gindinta ba su bari ba. Shi ya sa yaron nan, ɗanmu na fari, ya nemi aikin lebura a dam ɗin Bakolori, can wajen Maradun.

Malam, ya fito da babur ɗinka.

Tun ranar da sarƙarsa ta kama bakin babbar rigarka ta fyaɗa ka da ƙasa, na tura shi ɗakin kaji na rufe da tabarma. Sau nawa aka ce ka mayar da murfin sarƙar nan? Kai kuwa ka dage wai murfi na hana ka ɗiga mata baƙin mai. Allah Ya gafarta maka, taurin kai dai ka bar wa ɗanka gado.

Cire sarƙar ya yi ɗungurungum. Ya samo bel na roba, irin na injin ban ruwa, ya kai wa mai walda a bakin tasha aka ƙera masa ƙarfen da bel ɗin zai hau. Ya gaya wa ƙannensa wai bel ba ya cin riga, abin da ya kashe babansu ba zai kashe shi ba. Da rigar kaɗai nake tsoro, ai da na yi barci. Tsohon bakaniken nan na Bakura, abokinka, ya zo ya duba, ya ce in ruwa ya taɓa bel ɗin santsi zai yi, inji na kuka taya na tsaye. Ga damina ta kankama. Ga tifofin dam a hanyar nan, ɗaya na bin ɗaya. In ya tsaya masa cak a hawa, da tifa a bayansa fa?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk ranar da ka fita, ba na iya cin tuwo sai na jiyo kacau-kacau ɗin sarƙarka daga kwanar masallaci. Ita ke ce mini ka dawo. Yanzu babur ya koma kamar na kowa, ko ya shigo unguwa ba na bambance shi. Me zan saurara?

Ka san ban taɓa kama sunan yaron nan ba. Kunyar ɗan fari ce, haka na ga uwata ta yi. Ban taɓa zaunar da shi mun yi hira ba, in zan yi masa faɗa kai nake turawa. To yanzu wa zan tura?

Yau da safe hadari ya haɗo daga gabas, yaron ya turo babur ya fita. Ban san lokacin da na bi shi har ƙofar zaure ba, ko mayafi babu. Na buɗe baki na kira sunansa, da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo. Bai riga ya tayar da inji ba, na tabbata ya ji. Amma bai waiwayo ba, Malam. Bai san sunansa a bakina ba, ya ɗauka wata ce ke kiran nata ɗan.

Ruwa ake yi tun hantsi. La'asar ta wuce, tuwo ya huce, ina zaune a zaure.

Allah Ya haskaka kabarinka. Kada ka yi saurin karɓar baƙo, don Allah.

Matarka,
uwar Garba. Ka ga, har na rubuta.