Zainab da Taurarin Farko

Yaya Habiba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙarfin jiki? Mu nan Tudun Wada lafiya lau, sai sanyin Jos.

Albishirinki, ɗiyata Zainab ta kare bincikenta a gaban malaman jami'a, kuma ta ci. Na zauna a baya ina ta addu'a, don bara ba ta haye ba. Wani malami ya ce mata, "Babu wanda ya ga taurarin farko. Ta yaya za a san lokacin da suka fara haske?"

Ta ce, "Malam, kafin su, iskar haidurojin ce ta cika sararin samaniya. Da haskensu ya taɓa ta, sai ta riƙa shanye wani ɓangare na siginar rediyon da ke ratsa ta. Wannan giɓin ake nema yau da eriya, shi zai nuna lokacin."

Ya gyaɗa kai, ni kuwa na share hawaye.

Da muka koma gida, Inna ta miƙo mata rediyonta, wai ta kamo mata tashar taurarin. Har yanzu muna dariya.

Ki sa ta a addu'a, tana son ƙaro karatu. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Rabi