Kunun da Ba Na Iya Sha

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Na iso Kebbe da laka har ƙauri. Ruwan jiya ya ci hanya, wajen wata gada sai da aka sauke mu muka taka da ƙafa. Mannir ya raka ni tasha a Tambuwal, ya ce "sai Alhamis", ya juya. A littafin da nake karantawa mijin tsayawa yake har motar ta ɓace masa, hannu dafe da ƙirji. Nawa mijin tunawa ya yi bai zuba wa raguna dusa ba.

Aikin na kullum ne, a asibitin garin. In auna damtsen yara da ma'aunin nan mai launi uku: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja tamowa ta kama. Sannan in koya wa iyaye mata haɗa garin kunu da gero da waken suya da gyaɗa. Abin dariyar, ni mai koyarwar ban san ɗanɗanonsa ba. Gyaɗa ba ta shiri da jinina tun ina ƙarama, leɓe ya kumbura, borin jini ya feso, maƙogwaro ya kama ƙaiƙayi. Nono kuma ya cika mini ciki da iska. Sai ga shi aure ya kawo ni gidan masu shanu. Inna, mahaifiyar Mannir, har gobe cewa take, "Ba ta cin ƙuli, ba ta shan nono, ko iska taka ci?" A ganinta yangar 'yan boko ce.

Laraba, 10 ga Yuli

Yau na ga yarinyar da ta tsaya mini a rai. Najiba. Ta wuce shekara da 'yan watanni, amma ko tsayuwa ba ta yi. An yaye ta da wuri don uwar ta samu ciki, aka miƙa ta ga kakarta, Goggo Atu. Gashinta ya yi ja, ya kwanta. Ma'auni ya tsaya a ƙarshen rawaya, dab da ja. Ba ta kuka, kallo kawai take. Gara mini mai kuka.

Na dama kunu a gaban mata da safar roba a hannuna, Hamdiya abokiyar aikina ta kurɓa kamar yadda muka saba, aka fara zuba wa yara. Goggo Atu ta riƙe kofinta ba ta kai bakin yarinyar ba.

"Wagga ta dama, waccan ta kurɓa. Mi ke ciki da mai damawa ka gudu?"

Na ce jikina ba ya son gyaɗa. Ƙasa-ƙasa na faɗa, ina gyara murfin tukunya. Mata suka kwashe da dariya. "Gyaɗa, Malama? Wadda muka nomawa?"

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta ce a garin nan wadda ta dama ita ke fara kurɓa, ko amarya ce ko ungozoma. Ta juye kunun cikin tukunya, ta goya jikarta ta fita.

Alhamis, 11 ga Yuli

Gida. Inna ta yi kwaɗon zogale. Na ce na ƙoshi a hanya.

Laraba, 17 ga Yuli

Sun dawo, amma awo kawai Goggo ta yarda a yi. Najiba ta ƙara zubewa. Ruwan koko tsararo ake ba ta. Mata biyu da suka karɓi gari makon jiya sun ce ba su dama ba tukuna, suna jira su gani. Su ga me?

Hamdiya ta ce in rabu da tsohuwar, taurin kai ne. Ni kuwa na kasa ganin laifinta. Da baƙuwa za ta zo da safa a hannu ta miƙo wa ɗana abin da ita ba ta kai bakinta, zan karɓa? Abin da ke tsorata ni, idan yarinyar nan ta faɗa ja, abincin leda da ake bai wa masu tamowa shi ma gyaɗa ce. Wadda ta ƙi kunu ba za ta karɓi wancan ba.

Lahadi, 21 ga Yuli

Na wuni ina lissafi da zuciyata. Rabona da gyaɗa tun ina makarantar kwana. Wataƙila jikin ya manta. Ludayi ɗaya ne fa. Har na hango kaina: na ɗaga ludayi, wuri ya yi tsit, tsohuwa ta sunkuyar da kai, yarinya ta buɗe baki. Irin wurin da marubuciya ke rufe babi.

Ban gaya wa Mannir ba.

Asabar, 27 ga Yuli

Sai yau nake iya riƙe alƙalami ba tare da haushin kaina ya hana ni ba.

Ranar Laraba na sha. Na cire safa, na ɗebi ludayi guda a gaban Goggo Atu na shanye. Yana da daɗi, wallahi, wannan ma ya ba ni haushi. Hamdiya ta kira sunana, "Khairat!" ta dafe kai. Kafin a gama zuba wa layin farko leɓena ya yi nauyi. Idona ya fara rufewa, wuyana ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi yana fita da ƙara kamar ana busa kara. Na tuna ina jin mata suna salati, wata tana cewa "ku zubar, ku zubar!", kofuna suna faɗuwa. Shugaban asibitin ya yi mini allura a cinya, aka sa mini ruwa. Da yamma aka kawo ni Tambuwal a mota.

Ni da na karanta abin nan. Ni da nake gaya wa mutane jiki ba ya mantawa.

Mannir bai riƙe hannuna yana hawaye ba. Ya tsaya bakin gado ya ce, "Da kin mutu, mi zan ce ma babanki? Kunu?" Ya fita. Da ya dawo, galan ɗin man gyaɗan da ke kicin ya ɗauka ya kai gidan ƙanwarsa, ya shigo da manja da man waken suya.

Inna ta daɗe tana kallon fuskata. Ta ce, "Ashe da gaske kike, ɗiyar ga." Ta ware mini tukunya ɗaya da muciya ɗaya, ta ɗaura wa muciyar tsumma ja kada a haɗa.

Laraba, 31 ga Yuli

Benci wayam. Mace huɗu suka zo, su ma rigakafi ya kawo su. Labari ya zaga ƙauyuka cewa kunun asibiti ya kusa kashe mai dama shi. Babu Goggo, babu Najiba.

Na so in nuna musu ba guba ba ce, na nuna musu guba ce.

Lahadi, 4 ga Agusta

Ina jajjaga kayan miyata ni kaɗai a tukunyata sai na tsaya da taɓarya a hannu. Tun ina yarinya abin da nake yi ke nan: inda ake sa ƙuli in sa riɗi, inda ake sa nono in sa madarar waken suya, in nemi maiƙo a manja, in nemi ƙarfi a kifi da ƙwai. Ban taɓa ɗaukarsa ilimi ba. Ɓoyonsa nake yi kamar mai kuturta. A makaranta an ba mu haɗi ɗaya na haddace shi, na manta cewa ni kaina ban rayu a kansa ba, kuma ga ni.

Na soya gero sama-sama, da waken suya, da riɗi. Na daka busasshen kifi na tankaɗe ƙayar. Garin zogale kaɗan, manja cokali ɗaya bayan an sauke. Na farko ya yi ƙarni. Na biyu ɗaci, zogale ya yi yawa. Na uku Mannir ya sha ya ce, "Ba laifi." A bakinsa wannan waƙa ce.

Talata, 6 ga Agusta

Na je gidan su Najiba. Hamdiya ta kwatanta wa mai mashin, ƙauyen yana bayan fadama, gero ya kai kafaɗa hagu da dama.

Goggo Atu ta amsa sallamata tana kallon bakina. "Ke ce? An ce kin mutu." Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura da nono a ƙwarya kamar yadda ake wa kowane baƙo. Na san ƙin furar mutane a gidansu ba ƙaramin abu ba ne. Da can da na kai ƙwaryar baki na yi kamar na sha. Yau na dube ta na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, nono ma ba ya zama a cikina. Haka Allah ya yi ni. Gyaɗa kuwa kin gani da idonki. Ba kunun ba ne, ni ce."

Ta janye ƙwaryar gefe. Can ta ce ita ma rabonta da naman akuya tun haihuwarta ta fari, in ta ci sai gaɓoɓinta su riƙe.

"To mi hana ki faɗi haka tun ran nan?"

Na ce na faɗa.

"Kin faɗi kina kallon tukunya awa wadda ta yi sata."

Na fito da garina na dama a murhunta, da ludayinta, da ruwan randarta, hannuna tsirara. Na cika kofi na shanye. Ta ce to in zauna. Ta ci gaba da sussukarta, jifa-jifa ta ɗago ta duba leɓena. Na yi azahar a ɗakinta. Na yi la'asar. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga su ga ko na fara kumbura, wata har ta ce, "Goggo, idonta na dama kamar ya tashi." Goggo ta ce, "Haka idonta yake, ke dai ba ki son zaman lahiya."

Najiba tana kwance a zani kusa da ƙafata. Cinyarta duk ta yi tattara.

Sai da rana ta yi sanyi tsohuwar ta ce in dama wani. Ta kurɓa, ta yatsina fuska ta ce, "Kifi cikin kunu, 'yan boko ba ku da tsoron Allah." Ta ɗora yarinyar a cinya. Cokali uku ta karɓa, ta kau da kai. Na so in yi kuka a kan cokali uku.

Alhamis, 8 ga Agusta

Cokali bakwai jiya, in ji Goggo. Ta ƙara da cewa kada in yi murna, yunwa ce ta sa.

Laraba, 14 ga Agusta

Ta kawo ta awo da ƙafarta. Har yanzu rawaya, amma ba ta faɗa ja ba, kuma ta yi kuka da na matsa damtsenta, har ta kai mini duka. Hamdiya ta ce ba ta taɓa ganin wadda aka mara tana murmushi ba.

Mata sun fara dawowa, ba duka ba. Wasu kallona suke zuwa yi. Na ƙyale su su kalla.

Na karanta shafi kaɗan da rana. Jarumar ta sha guba don masoyinta ya gane gaskiyarta, ya gane, aka yi biki. Na ajiye littafin na je na duba waken da na shanya.

Laraba, 28 ga Agusta

Garin da na bar musu ya ƙare tun Lahadi. Na yi niyyar kai wani, sai ga Goggo Atu da sassafe, Najiba a baya, ƙullin leda a hannu. Ta ce riɗi sai an je kasuwa, kifi ba kullum ba, gyaɗa kuwa ga ta a rumbu tun ta bara. Ta soya, ta haɗa da gero da waken suya ta kai inji, yadda ta ji ina faɗa ranar farko. Ashe tana saurare.

"Ni ka damawa yau. Ke koma can, bakin ƙofa, kar ki sake faɗo muna."

Mata suka yi dariya. Na ɗauki kujerata na koma bakin ƙofa. Daga can nake cewa a ƙara ruwa, a bari ya tafasa sosai. Ta ce ta fi shekara arba'in tana dama kunu, in yi mata shiru. Ta ɗaga ludayi ta kurɓa a gabansu, ta jira, ta buɗe baki ta nuna musu harshenta. Na ce a fara ba yarinyar kaɗan tukuna, mu ga yadda jikinta zai karɓa. Wannan kam ba ta musa ba. Muka zuba wa bakin Najiba ido, ni daga nesa, ita daga kusa. Babu abin da ya tashi. Ta miƙa hannu tana neman ƙari.

Hamdiya ta auna ta. Ma'aunin ya matsa tsakiyar rawaya, ya juya wa ja baya. Sai wata ta miƙo kofi, wata ma ta miƙo.

Wata baƙuwa da ba ta san labarin ba ta tambayi abin da ya sa malamar take zaune a ƙofa. Kafin kowa ya amsa na ji muryata, da ƙarfi har bencin baya: "Gyaɗa ba ta sona, Yaya. Ɗanki kuwa ba ni ba ne, kawo shi mu gwada."

Ban ji kunya ba. Ko na ji, kaɗan ce.