Ban Taɓa Zana Fuska Ba, Baba Malam

Assalamu alaikum, Baba Malam. Gaisuwa mai yawa daga ɗanka Bala, wanda ka hana shiga zaurenka.

Ranar da Kawu Sani ya dawo daga Aliero ya ce maka ya gan ni gaban kwamfuta ina koyon zane, ba ka tambaye shi zanen me ba. Ka aiko cewa mai zana abu mai rai, ran gobe za a ce ya busa masa rai, kuma kada in ƙara taka ƙofarka.

Zanen gini nake koyo, Baba. Bango, ƙofa, taga, awo. Da takardar sakandare kawai na shiga wani shagon zanen gini a Aliero, ina shara ina leƙen hannun maigida, har na iya. Aikina na farko rumbun albasa ne, na fitar da inda iska za ta ratsa don kada ta ruɓe. Na naɗo takardar na kawo Jega in nuna maka. Ka ce a gaya mani kana karatu da ɗalibai. Na tsaya bakin zaure har aka kira la'asar.

Alhali kai ka fara ɗora hannunka bisa nawa muna zayyana allon sauka. Kana cewa, "Ja layinka ya miƙe, Bala, kada hannu ya yi rawa." Hannun nan ne, bai yi rawa ba har yau.

Yanzu daga Maiyama har Fagada magina da zanena suke aza tubali, ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Kawu Sani kuwa, shi ya zo da bakinsa, wai in zana wa ɗalibanka sabon ginin makarantarka. Ko kunya.

Na zana. Na daidaita alƙibla, na bar zaurenka inda yake. Abokan aikina kan sa ɗan hoton mutum gefen gini don a gane tsawonsa. Ni ban taɓa sawa ba, saboda kai. Ga zauren nan a takarda, ƙofa buɗe, ba kowa ciki. Wanda nake so ya duba ya ce Allah shi yi albarka, ƙasa ta rufe shi.

Allah shi jiƙanka, shi haskaka kabarinka, shi nuna maka abin da ka ƙi dubawa.

Ɗanka, ko ba ka kira ba,
Bala mai zanen gini.