Matakala ta Tara

Litinin, 5 ga Mayu

Yau aka yaye kwanon saman gareji. Baba ya fitar da motarsa bakin titi, minti biyar biyar sai ya leƙa ta kamar za ta gudu. Ɗaki ɗaya da banɗaki za a gina a sama, na Kaka. Filinmu ba ya miƙewa ko ta ina, katangar maƙwabta ta matse mu hagu da dama, saura sama.

Shekara biyu ke nan Kaka yana kwana a falo. Goggo ta ce ba za ta zuba ido ubanta yana barci kusa da talabijin ba, za ta ɗauke shi zuwa gidanta, tafiyar yini guda a mota. Baba ya ce a ba Kaka ɗakinmu na ƙasa, mu samari mu koma sama. Tsohon ya ƙi. Wai shekara arba'in yana gina wa mutane bene, bai taɓa kwana a saman ko ɗaya ba, ba zai mutu a haka ba.

Sai Goggo ta kafa sharaɗi. Ranar da aka gama, ya hau da ƙafarsa, ba mai riƙe shi. In ya kasa, ya shiga mota.

Na ce masa, Tsoho, kai da ba ka tashi daga tabarma sai ka gaisa da kowace gwiwa? Ya wurgo min takalmi. Bai same ni ba. Bai taɓa samuna ba.

In aka tafi da shi wa zan riƙa tsokana? Auta ko kallonta na yi sai kuka.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yashi ya tare ƙofa. Mama tana tsallakawa tana mita.

Asabar, 17 ga Mayu

An ƙara ginshiƙai huɗu a cikin gareji don su ɗauki saman. Kaka ya sa an kafa masa kujera a tsakar gida, daga nan yake mulki. Siminti ya yi yawa. Ruwa ya yi kaɗan. Wancan rodin ya kwanta. Magini ya ce masa, Baba, ka huta mana. Ya ce na huta, bakina ne bai huta ba.

Na zuba wa wani lebura gishiri a shayi. Ya shanye, har ya gode. Wannan ta ba ni haushi.

Laraba, 28 ga Mayu

An zuba kankaren sama. Aikina shayar da shi safe da yamma. Na shayar da shi, na shayar da Auta da ke wucewa ta ƙasa.

Talata, 10 ga Yuni

Kafinta ya zo saboda matakala. A waje za ta bi, jikin bangon gareji. Mutumin nan fensir ba ya barin bayan kunnensa, da shi yake alwala, don haka na sa masa Mai Fensir, yanzu har Baba haka yake kiransa.

Kaka ya kira shi ya zaunar. Matakala ashirin, kowace inci shida, kada a ƙara ko gashi ɗaya. Ya ɗaga ƙafarsa ya nuna masa: nan gwiwar take tsayawa, daga nan ba ta jin magana.

Mai Fensir ya ce, Baba, ni ai idona ya fi tef. In layi ya kauce da ƙwayar shinkafa daga bakin ƙofa zan gani.

To.

Laraba, 11 ga Yuni

Ya zana layukansa ashirin a bango, inda zai kafa katakon kowace matakala. Da ya tafi cin abinci na hau. Fensirin yana kan bulo, yau ɗaya ya manta da shi. Na lashi yatsa na goge layi na tara, na ja sabo sama da shi da yatsa biyu. Shekara goma ina wanke allo ina rubutawa, hannuna ba ya rawa. Layina ma ya fi nasa miƙewa.

Ya dawo ya kafa katako a kai yana fito. Ido ya fi tef.

Gobe da safe zan tara mutane in ce a kawo tef a auna. Ina so Kaka yana wurin. Sai jibi za a zuba kankare, akwai lokaci. Na kusa shaƙewa da dariya a wurin cin abinci, Mama ta ce wannan yaron akwai abin da ya binne.

Alhamis, 12 ga Yuni

Tun da sassafe Mama ta aike ni asibiti karɓo maganin Kaka. Layi har waje. Ban dawo ba sai bayan azahar.

Sun zuba kankaren. Wai leburori sun samu wani aiki gobe, sai aka yi yau.

Na tsaya ina kallonsa, jiƙe, sumul. Magini ya ce kada in taka.

Yatsa biyu ne kawai.

Lahadi, 29 ga Yuni

An cire katako. Magini ya yi tuntuɓe a ta tara, ya zagi takalminsa. Baba ya yi tuntuɓe. Mai walda da ya zo auna ƙarfen riƙewa ya yi tuntuɓe, tef ɗinsa ya gangara har ƙasa. Kowa sai ya juya ya harari matakalar sannan ya wuce, ba wanda ya tsaya aunawa.

Gaskiya na yi dariya a na Baba. Tsakani da Allah, abin da ban dariya.

Ni ina tsallake ta.

Asabar, 12 ga Yuli

An yi rufi, an sa taga biyu, ɗaya tana kallon titi. Saura fenti. Goggo ta bugo waya, ran 27 za ta zo, kuma wai ta riga ta share masa ɗaki.

Kaka kullum yana atisaye da bulo ɗaya a tsakar gida. Hau, sauka, hau, sauka. Na ce masa, Tsoho, in ka gama hawa wannan dutsen ka aiko mana da wasiƙa. Ya ce, Ƙiriniya, ranar da na hau sama kai zan fara tofa wa yawu.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

Bayan la'asar ya ce zai gwada. Duk gida aka fito. Ya kama ƙarfe, ya yi bisimilla. Ɗaya, biyu, uku, Auta tana ƙirga masa da ƙarfi. Yana hawa a hankali amma yana hawa, har ya juyo ya yi min gwalo a ta shida. Takwas.

Ya ɗaga ƙafa. Yatsunsa suka daki bakin ta tara suka dawo. Ya sake. Ya sake. Na ga hannunsa a jikin ƙarfen, jijiyoyin duk sun fito. Ya sa ɗayan hannun ya kama wandonsa a gwiwa yana jan ƙafar sama kamar kayan wani. Ba ta kai ba.

Ya zauna a ta takwas. Ya ce iska yake sha.

Baba ne ya goyo shi ya sauko da shi. Ban taɓa ganin an goya Kaka ba. Ya rufe ido har ƙasa.

Sai Baba ya ɗauko tef. Ta tara inci bakwai da rabi, ta goma huɗu da rabi. Ya kira Mai Fensir a waya a gabanmu, ya faɗa masa maganganun da ban san Baba ya iya su ba. Ana jin muryar mutumin yana rantsuwa da 'ya'yansa.

Ban ci abinci ba. Na ce cikina ne.

Litinin, 14 ga Yuli

Mai Fensir ya zo ya auna da kansa sau uku. Ya zauna a kan bulo ya cire fensirin daga kunne yana jujjuya shi. Ya ce shekara goma sha takwas bai taɓa irin wannan kuskure ba. Magini ya ce shi ba zai ƙara kiransa aiki ba. Ya ce kuma gyara sai bayan sati uku, mutanensa suna wani wurin. Sati biyu ya rage Goggo ta zo.

Da suka watse na je wurin Kaka. Yana kan kujerarsa, ba ya ba kowa umarni. Na tsuguna. Na ce, Kaka. Ban ce Tsoho ba.

Ya ce, na sani.

Na ce wa ya gaya maka? Ya ce jiya da na maƙale kowa ya yi magana, har Auta. Kai kaɗai ka yi shiru. Tun da aka haife ka yaushe ka taɓa yin shiru?

Na jira takalmi. Bai cire ba. Da ya jefe ni da ya fi min.

Ya ce ka je ka faɗa wa ubanka, ka je gidan kafinta ka faɗa masa a gaban duk wanda ka tarar. In ka dawo ka buɗe akwatina na ƙarƙashin kujerar falo.

Baba bai doke ni ba. Kallona kawai ya yi, ya ce, shekararka goma sha tara.

Mai Fensir na same shi da yaran shagonsa biyu. Na faɗa. Sai ya ce, to amma ni ma ban gani ba. Ya ce in ɓace masa.

A akwatin akwai guduma, kurfi biyu na sassaƙar kankare, da katakon awo wanda hannu ya cinye gefensa.

Talata, 15 ga Yuli

Aikin shi ne a sassaƙe saman ta tara, yatsa biyu da ɗan ƙari, daga bango har ƙarfe, sannan a shafe da sabon siminti. In ta sauka, ta goma ma ta daidaita.

Kankaren wata ɗaya ba ya wasa. Na buga tun safe, abin da ya fita bai cika kofi ba. Kaka daga ƙasa: kwantar da kurfin, ba rijiya kake haƙa ba. Kada ka taɓa baki, daga tsakiya ake farawa. Wa ya koya maka riƙe guduma kamar cokali?

Bakinsa ya dawo dai.

Laraba, 16 ga Yuli

Hannu duk bororo. Alƙalamin ma da ƙyar.

Juma'a, 18 ga Yuli

Jiya na fasa bakin matakalar, gutsure kamar rabin burodi ya faɗi. Na zauna na kusa kuka. Kaka ya ce ai sai an fasa ake koyo, shi a aikinsa na farko bango guda ya kwanta a kan akuyar mai gida. Ban yarda ba, amma na yi dariya.

Yau da hantsi sai ga Mai Fensir, ba wanda ya kira shi. Bai gaishe ni ba. Ya hau, ya kafa katako a bakin da ya fashe, ya auna da tef, ya sake aunawa. Ya miƙo min tef ɗin ya ce, duba da kanka, tunda kai ne gwanin layi. Inci shida.

Ni na kwaɓa simintin. Kaka ya sa na kawo masa a cokalin gini ya murza da yatsa, ya ce ƙara yashi kaɗan. Na shafe, na goge da katakonsa. Ya ce a yi mata zane-zane kada ta yi santsi.

Baba ya kira magini ya gaya masa gaskiyar magana, Mai Fensir yana tsaye yana ji.

Laraba, 23 ga Yuli

Na ce ya gwada kafin ranar. Ya ƙi. Wai ƙarfin gwiwar na hawa ɗaya ne, ba zai ɓarnatar ba. Ina ganin tsoro yake ji. Ni ma.

Lahadi, 27 ga Yuli

Goggo ta iso da azahar, ko mayafi ba ta ajiye ba ta ce, to Baba, bisimilla. Direbanta ma bai juya motar ba.

Na tsaya a bayansa. Goggo ta ce ba riƙewa. Na ce ban riƙe ba, hannuwana ga su a baya. Matakala ɗaya na bari tsakaninmu. Ina jin numfashinsa, ina kallon dugadugansa da suka tsattsage.

A ta takwas ya tsaya. Ya daɗe. Goggo daga ƙasa ta ce, Baba, ba dole ba ne fa. Ya ce da ni a hankali, ba tare da ya juyo ba, Ƙiriniya, in ƙarya ka auna yau zan faɗo a kanka. Na ce faɗo, Tsoho, nauyinka nawa.

Ya taka. Ƙafar ta hau.

Daga nan bai ƙara tsayawa ba sai a ta sha biyar, ya huta, ya ƙarasa. Ya shiga ɗakin da ke warin fenti ya wuce taga kai tsaye. Ya ce, ashe haka kan motoci yake. Ashe maƙwabcinmu sanƙo gare shi.

Goggo ta hawo tana haki fiye da shi. Ta duba banɗaki, ta taɓa katifa, ta ja labule. Ta share ido da bakin mayafi ta ce fentin ne. Daga baya ta ce a sa masa ƙararrawa a bakin gado. Gobe za ta koma.

Alhamis, 7 ga Agusta

Sau biyu yake sauka a rana, da hantsi da la'asar. Saukar ta fi hawan wuya, ba wanda ya yi tunanin wannan.

Mama ta ce kwana goma ke nan duk lokacin da ƙofar sama ta yi ƙara sai ta gan ni a gindin matakala. Abokaina sun zo kirana ƙwallo da la'asar, na ce su yi gaba zan same su.

Ba jiransa nake yi ba. Wurin ne da inuwa.