Gyalen Dela da Bakin Ƙofar Mota

Litinin, 6 ga Maris
'Yata Rahinatu ta sauka! Namiji, da hantsi, a Sabon Maci. Ni Harisu yau na yi jika. Bismillah ma sai yanzu na tuna da ita. Don murna, baƙaƙen sun karkace kamar farkon shigata karatun manya.

Talata, 7 ga Maris
Bayan suna za ta zo gida wanka. Na ce ni zan ɗauko su a motata. Matata Dela ta ce, "Malam, motar nan mai cin mutane?" Ƙarfen adon da ya bi bakin ƙofar baya ne ya ɗago, ya yi kaifi. Bara ya yanke ta a hannu, ɗinki uku. Ranar cewa na yi ita ce ba ta iya shiga mota ba. Yau ta nuna mini tabon, ta ce motar Jimrau maƙwabcinmu za ta je. Jikana na fari, a motar wani.

Alhamis, 9 ga Maris
Na buga wa ƙarfen guduma. Ya tsage, kaifi ya zama biyu. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 11 ga Maris
Na kai wa Abarci mai gyaran jikin mota. Ya ce, "Tsoho, sai da aka haifi mai gidanka ka san hanyar garejina?" Ya cire ƙarfen, ya goge bakin da magagari, ya lanƙwasa shi ciki, ya tsaga tiyo ya lulluɓe. Na ce shi ke nan. Ya ce ido ba ya ganin kaifi. Ya kama bayan hannuna ya bi ƙofar da shi. Wuri biyu na ji ya karce ni, ɗaya a sama, daidai inda kan jariri zai wuce in uwa ta sunkuya. Na zauna a kan taya har ya gama.

Lahadi, 12 ga Maris
Dela ta fito da gyalenta mai shara-shara, ta ja shi a bakin ƙofa tun daga sama har ƙasa, sau biyu. Ko zare ɗaya bai kama ba. Ta ce, "To." Wato motata ce za ta je.

Talata, 14 ga Maris
Jikana Zakariya yana gidana, alhamdu lillahi. Ni na ɗauko shi. Dela ta ce har amalanke ya wuce mu a hanya.

Da za ta sauka na riƙe mata ƙofa, idona ya faɗa kan tabon nan. Na dai aro magagarin Abarci. Ƙyauren madafa ya daɗe yana kama mata zane.

Na aika wa dangi a garuruwan Roumbou da Kornaka, na leƙa wa Jimrau ta katanga: kowa ya zo ya gani. Yaron nake nufi. Amma mota tana ƙofar gida, mai so ya shafa.